Lissafin Jadawali a Kan Katafaren Kwamfutoci: Tambayoyin da Sababbin Shiga Suka Fi Yi

Na tara waɗannan tambayoyi ne daga bakin ɗaliban digiri na biyu da na uku, galibinsu injiniyoyi da masu fiziks, waɗanda aka ba su damar hawa katafariyar kwamfuta karon farko. Kusan kowa tambaya ɗaya yake zuwa da ita, sai dai ya canja mata riga: me ya sa abin ba ya gudu kamar yadda aka faɗa mana? Duk inda na ce "jadawali" a nan, ina nufin abin da masu lissafi ke kira matiriks, wato lambobin da aka jera layi-layi a kwance da a tsaye.

1. Mece ce aljabarar jadawali, kuma me ya kai ta cikin katafaren kwamfutoci?

A ce ka sayi mudu biyu na gero da mudu ɗaya na dawa naira 3,500. Maƙwabcinka ya sayi mudu ɗaya na gero da uku na dawa naira 4,250. Nawa ne mudun kowanne? Ɗan sakandare zai ce maka gero 1,250, dawa 1,000. Ɓoyayyun lambobi biyu, sharuɗɗa biyu. Masu lissafi suna rubuta wannan a taƙaice Ax = b: A ne jadawalin mudu, b kuɗin da aka biya, x kuma farashin da ake nema.

To, ka mai da ɓoyayyun lambobin nan miliyan ɗari. Mai hasashen yanayi yakan yanka sararin sama gida-gida, kowane gida da zafinsa da iskarsa da danshinsa, kuma kowane gida yana shafar na kusa da shi. Haka mai gwada fiffiken jirgin sama, da mai bin yadda ɗanyen mai ke tafiya a cikin dutse, da mai lissafin halayyar ƙwayar zarra. Ko da asalin matsalar mai karkace-karkace ce, idan aka bi ta a hankali sai ka tarar an dawo ana warware Ax = b sau dubbai. Nan ne mafi yawan lokacin injin yake ƙarewa.

2. Mene ne fulof, kuma ina aka kai yanzu?

Fulof ɗaya shi ne tarawa ko ninkawa guda ɗaya ta lambobi masu ɗigo. Ana auna ƙarfin kwamfuta da yawan fulof a daƙiƙa: giga biliyan ɗaya, tera tiriliyan ɗaya, peta tera dubu, eksa kuma peta dubu, wato biliyan sau biliyan.

Tun watan Yuni na 1993 ake fitar da jerin TOP500, wato kwamfutoci 500 mafiya sauri a duniya, sau biyu a shekara, Yuni da Nuwamba. Wadda ta zo ta ɗaya a jerin farko, CM-5 ta ɗakin binciken Los Alamos a Amurka, gigafulof 59.7 ta yi, abin da kwamfutar cinyar da ke jakarka za ta wuce a yau. ASCI Red ta Sandia ce ta fara ƙetare tera, Roadrunner ta ƙetare peta a 2008, sai Frontier ta Oak Ridge a jihar Tennessee ta ƙetare eksa a 2022 da eksafulof 1.1. A Nuwamban 2024 El Capitan ta Lawrence Livermore ta yi 1.742. Kafin waɗannan lambobi su ruɗe ka, ka karanta tambaya ta 10.

3. Yaya girman aikin warware jadawali ɗaya yake?

Hanyar da aka fi sani ita ce ta kashe ɓoyayyun lambobi ɗaya bayan ɗaya. Sunan Bajamushe Carl Friedrich Gauss ta ɗauka, ko da yake masu lissafin ƙasar Sin sun yi aiki da ita shekara kusan dubu biyu da suka wuce. Idan ɓoyayyun lambobinka n ne, kuma jadawalin cike yake, aikin ya kai kashi biyu bisa uku na n sau n sau n, wurin ajiya kuma n sau n lambobi, kowace lamba bayit 8.

Ga yadda abin yake a ƙasa. Idan n dubu 10 ne, megabayit 800 ya isa, kuma kwamfutar da ke yin gigafulof 100 za ta gama cikin daƙiƙa bakwai. Idan n ya zama dubu 100, sai gigabayit 80 da kusan awa biyu. Idan ya kai miliyan ɗaya, terabayit 8 kake nema, kuma wannan kwamfutar za ta shafe fiye da wata biyu tana kai. Ka riƙe wannan: in ka ninka n sau biyu, wurin ajiya ya ninka huɗu, aiki ya ninka takwas.

4. An ba ni inji mai ƙarfi, amma manhajata kashi biyu ko uku cikin ɗari na ƙarfinsa take samu. Ina matsalar?

Wannan ce tambayar da sauran duk suke rataye a jikinta. Lissafi ya yi araha ƙwarai a injunan zamani. Dakon lambobi ne ke da tsada. Ka ɗauki tela mai keken da ke gudu kamar walƙiya. Yadin da ke kan teburinsa, hannu kawai zai miƙa. Wanda ke cikin kabad, sai ya tashi. Wanda ke sito a bayan kasuwa, sai ya aiki yaro. Wanda ke wani gari kuwa, sai an sa a mota. In telan nan yana aiken yaro sito kan kowane maɓalli ɗaya, saurin kekensa bai amfane shi da komai ba, zaman jiran yaro zai wuni yi.

Haka furosesa take. Tana da ɗan aljihu mai sauri a jikinta, da babbar ma'adana a gefe, da kuma ma'adanar sauran akwatunan injin (ƙananan kwamfutocin da aka haɗa suka zama katafariyar) da sai ta waya ake kai musu. Ɗauko lamba ɗaya daga babbar ma'adana yakan ci kusan nanodaƙiƙa ɗari (nanodaƙiƙa kashi ɗaya ce cikin biliyan na daƙiƙa), lokacin da furosesa za ta iya yin ɗaruruwan fulof. Aika saƙo zuwa wani akwati kuma ya fi haka sau goma ko fiye.

Saboda haka tambayar da za ka riƙa yi wa kowace dabara ita ce: in na ɗauko lamba, sau nawa zan more ta kafin in mayar? A tara jeri biyu na lambobi, ka ɗauko biyu, ka yi tarawa ɗaya, ka mayar da ɗaya. Babu wata dabarar da za ta cece ka. A ninka jadawali da jadawali kuwa, lambobin n sau n ne amma aikin n sau n sau n ne, don haka kowace lamba tana da amfani sau n. In aka yanka jadawalin tubali-tubali daidai girman aljihu, aka gama da kowane tubali kafin a ɗauko wani, sai ka ga injin ya kusa kai ƙarshen ƙarfinsa. Duk tarihin wannan fanni na shekara arba'in, ƙoƙarin mai da kowane aiki ya zama ninka jadawali da jadawali ne.

5. Mece ce BLAS da kowa ke ambata?

Yarjejeniya ce kan sunaye da tsarin ƙananan ayyukan da kowa ke buƙata, don mai ƙera inji ya goge su da kansa, mai bincike kuma ya kira su kawai. Hawa uku ce. Hawa na ɗaya, na 1979, aikin jeri da jeri ne. Na biyu, na 1988, jadawali da jeri. Na uku, na 1990, jadawali da jadawali, kuma shi kaɗai ne ke da morar da aka bayyana a tambaya ta 4.

Sunayen sun yi kama da lambar mota saboda tsohon yaren Fortran bai yarda suna ya wuce harafi shida ba. DGEMM, sarkinsu duka, D ɗinsa na nufin lamba mai bayit 8, GE jadawali na gama-gari, MM ninka jadawali biyu. Akwai masu aiwatar da ita da yawa: OpenBLAS da BLIS na kyauta, MKL na Intel, cuBLAS na Nvidia, rocBLAS na AMD. OpenBLAS ta samo asali ne daga aikin wani ɗan Japan, Kazushige Goto, ma'aikacin ofishin rajistar ƙirƙira, wanda ya riƙa rubuta waɗannan ayyuka da hannu a yaren injin kansa har ya doke na manyan kamfanoni.

6. LINPACK, LAPACK, ScaLAPACK: abu ɗaya ne?

Kaka ne da ɗa da jika. LINPACK ta ƙarshen shekarun 1970, aikin Jack Dongarra da Jim Bunch da Cleve Moler da Pete Stewart, a kan hawa na ɗaya na BLAS aka gina ta. Da injuna masu aljihu suka zo sai ta riƙa jan ƙafa, aka sake rubuta komai tubali-tubali, LAPACK ta fito a 1992. Ita kuma akwati ɗaya ta sani. ScaLAPACK ta tsakiyar shekarun 1990 ce ta raba jadawali a kan akwatuna da yawa, akwatunan suna magana da juna ta saƙonni. Ƙa'idar MPI, wadda ta fito a 1994, ita ce harshen da kusan kowa ke amfani da shi wajen wannan har yau. Da GPU, wato furosesoshin hoto masu yin lissafi da yawa lokaci ɗaya, suka mamaye fagen aka samu MAGMA, daga baya SLATE, duka daga Jami'ar Tennessee. Dongarra ya karɓi kyautar Turing ta 2021 a kan wannan dogon aiki.

7. Yaya ake raba jadawali ɗaya ga akwatuna dubu?

Abin da zai fara zuwa ranka shi ne a yanka shi kamar gonar gado, kowa da yankinsa a dunƙule. Kuskure ne. Hanyar Gauss daga kusurwar sama ta hagu take cin jadawali tana gangarowa. Wanda aka ba shi yankin sama zai gama tun da hantsi ya zauna a inuwa, wanda ke kusurwar ƙasa kuma shi kaɗai zai kai magariba yana noma. An yi gayya, amma rabin 'yan gayya kallo suke.

Maganin shi ne rabon zagaye. A yanka jadawalin ƙananan tubala, a jera akwatunan su ma layi-layi kamar jadawali, sannan a riƙa miƙa tubalan ɗaya bayan ɗaya ana zagayowa, a kwance da a tsaye. Kowa sai ya samu ɗan sama, ɗan tsakiya, ɗan ƙasa, aiki bai ƙare wa kowa da wuri ba. Girman tubali kuwa sai an gwada: in ya yi ƙanƙanta saƙonni sun yi yawa, in ya yi girma an koma gidan jiya. Jerin akwatuna mai kusan murabba'i, kamar 32 sau 32, yakan fi dogon siriri kamar 2 sau 512.

8. Na ninka yawan furosesa, lokaci bai ragu da rabi ba. Me ya sa?

Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma ban da haƙar rijiya: ko mutum ɗari ne a baki, wanda ke ƙasa ɗaya ne. Gene Amdahl ya rubuta wannan a 1967. In kashi 5 cikin ɗari na aikinka dole mutum ɗaya ya yi shi, ko furosesa miliyan aka ba ka ba za ka wuce ninki 20 ba. Ƙari a kan haka, duk sanda ka ƙara akwatuna kan matsala ɗaya, rabon kowa yana raguwa, surutun da ke tsakaninsu yana ƙaruwa, har a kai inda ƙarin akwati yake ƙara lokaci.

A 1988 John Gustafson ya nuna ɗaya fuskar: mutane ba sa sayen babban inji don su maimaita ƙaramar matsala, suna faɗaɗa matsalar ne. Don haka in za ka nuna wa malaminka zane, ka faɗi wanne ka auna, matsala ɗaya da ƙarin furosesa ko matsala mai girma tare da injin. James Demmel da abokan aikinsa a Berkeley sun ɓullo da dabarun da ke yarda a ƙara ɗan lissafi in dai za a rage yawan saƙonni, kuma sau da yawa cinikin yana da riba.

9. Jadawalina kusan duk sifili ne. Hanyar Gauss zan bi?

Mafi yawan matsalolin tambaya ta 1 haka suke. In kowane gida da maƙwabtansa shida kawai yake hulɗa, kowane layi lambobi bakwai ne masu amfani, sauran sifili. Matsala mai ɓoyayyun lambobi biliyan ɗaya, in ka ajiye ta da sifilinta, bayit biliyan takwas sau biliyan take nema, abin da babu ma'adanar injin da za ta ɗauka. In ka ajiye masu amfanin kaɗai, gigabayit 56 ne, sai ɗan ƙari na adireshinsu.

Wahalar Gauss a nan ita ce yana cike guraben sifili da sababbin lambobi yayin da yake tafiya. Manhajoji irin su SuperLU da MUMPS suna sake jera layuka don rage wannan cikowa, kuma suna aiki sosai har zuwa wani girma, musamman a matsalolin shimfiɗe. A matsalar da ke da tsawo da faɗi da zurfi, cikowar takan cinye ma'adana.

Daga nan sai hanyoyin kusantowa: ka fara da cinta, ka auna kuskure, ka gyara, ka sake. Hestenes da Stiefel sun kawo hanyar CG a 1952 don jadawali mai daidaiton ɓangare biyu wanda ya cika wani sharaɗi na musamman, Saad da Schultz suka kawo GMRES a 1986 don sauran. Gaskiyar magana, zaɓen hanyar ba shi ne babban aiki ba. Neman mai share fage ne, wato wani sauƙaƙan jadawali mai kama da naka da zai rage yawan zagaye daga dubbai zuwa gomiya. Ka fara da manhajar PETSc ta Argonne, ko Trilinos ta Sandia, ko hypre ta Livermore, ka gwada masu share fage da yawa kafin ka yanke hukunci.

10. To lambar TOP500 gaskiya ce ko talla?

Gaskiya ce, amma gaskiyar abu ɗaya. Gwajin HPL, wanda da shi ake jera TOP500, cikakken jadawali yake warwarewa da hanyar Gauss, wanda kusan duk DGEMM ne, aikin da ya fi kowanne daɗi ga inji. Shi ya sa Dongarra da Michael Heroux suka kawo gwajin HPCG, mai kama da aikin tambaya ta 9. Fugaku ta birnin Kobe a Japan ta yi petafulof 442 a HPL, a HPCG kuwa 16 ta yi, ƙasa da kashi huɗu cikin ɗari, kuma da wannan 16 ɗin ta shafe shekaru tana ta ɗaya a duniya. Ba girin-girin ba, ta yi mai. In manhajarka ta jadawali mai sifili tana samun kashi uku cikin ɗari, kada ka yi saurin zargin kanka. Ka auna ta da saurin ma'adana.

11. Na gudanar da aiki ɗaya sau biyu, lambobin ƙarshe sun bambanta. Injin ya lalace ne?

Lafiyarsa lau. Lamba mai bayit 8, bisa ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, lambobi kusan 16 take riƙewa, sauran a datse. Saboda datsewar nan, in ka tara a da b sannan ka ƙara c, ba lalle ka samu abin da za ka samu in ka fara tara b da c ba. A inji mai akwatuna dubu, wanda ya riga kawo nasa kason yakan canja daga gudu zuwa gudu, tsarin tarawar ya canja, wutsiyar amsar ta motsa.

Abin tsoro daban ne. Kowane jadawali yana da ma'aunin laulayi, wato yadda ɗan kuskure a b yake kumbura a x. In ma'aunin ya kai biliyan goma, ka yi asarar lambobi kusan 10 daga cikin 16, shida suka rage maka, kuma babu manhajar da za ta dawo da su. LAPACK tana iya ƙiyasta maka wannan ma'auni da ɗan ƙaramin aiki. Kullum kuma ka mayar da x cikin matsalar, ka duba tazarar Ax da b. Baturen Ingila James Wilkinson ne ya koya wa fannin wannan salon tunani: a tambayi wace matsala ce amsar da aka samu ta warware daidai, kuma ko tana kusa da wadda aka bayar.

12. Me GPU suka canja, kuma mene ne gauraya ƙananan lambobi da manya?

Mafi yawan ƙarfin Frontier da El Capitan a GPU yake. Sun ƙara saurin keken tela, sun kuma ƙara wani sito, domin GPU tana da tata ma'adanar. Kai lambobi da dawo da su a kowane zagaye yana iya cinye ribar duka. El Capitan ta rage wannan da haɗa furosesa da GPU a kan ma'adana ɗaya.

Kasuwar ƙirƙirarriyar basira kuma ta sa kamfanoni sun cika GPU da sassan da ke ninka lambobi masu bayit 2 da gudun tsiya, lambobin da ba sa riƙe fiye da lamba uku ko huɗu. Masu aljabara sai suka farfaɗo da tsohuwar dabara: a yi babban aikin da ƙananan lambobi, a auna kuskure da manya, a gyara 'yan lokuta har amsa ta cika. Da wannan Fugaku ta kai eksafulof 2 a 2020. Sharaɗin dai jadawalin kada ya cika laulayi, kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 11.

13. In juya jadawalin kawai in ninka da b mana?

A'a. Juya jadawali, wato nemo kishiyar A wadda in ka ninka ta da b za ta ba ka x, ya ninka aikin warwarewa kusan sau uku, amsarsa ba ta fi kyau ba, kuma juyayyen jadawali mai sifili yakan fito cike taf. Na taɓa zama da wani ɗalibi da ya yi kwana huɗu aikinsa yana mutuwa da kukan ma'adana ta cika; layi ɗaya ne na juyawa, muka canja shi zuwa kiran warwarewa, ya gama kafin shayinmu ya huce. In b ɗinka da yawa ne, ka farfasa A sau ɗaya da hanyar Gauss, ka riƙa amfani da gutsattsarin.

14. Akwai irin waɗannan injuna a Afirka? Kuma gaskiya ne ɗan Najeriya ne ya ƙirƙiro su, har da intanet?

Akwai. Cibiyar katafaren kwamfutoci ta CHPC a Cape Town, Afirka ta Kudu, ta ƙaddamar da Lengau a 2016 mai kusan petafulof ɗaya, Jami'ar Mohammed VI Polytechnic a Maroko kuma tana da Toubkal, wadda ta wuce petafulof uku. Babban cikas wuta ce da sanyaya: Frontier kaɗai megawat kusan 21 ta ja lokacin gwajinta, kuma ɗaukewar wuta ta daƙiƙa ɗaya tana kashe aikin kwana uku in ba a riƙa ajiye zango ana tafiya ba.

Philip Emeagwali, ɗan Najeriyar da ake nufi, ya samu kyautar Gordon Bell ta 1989, a rukunin samun aiki mai yawa da kuɗi kaɗan, kan lissafin rijiyoyin mai a injin Connection Machine. Nasara ce ta gaske. Amma injin kamfanin Thinking Machines ne ya ƙera shi, raba lissafi ga furosesa da yawa ya girmi wannan shekara, intanet kuma ba ta da alaƙa da kyautar.

15. Ba ni da katafariyar kwamfuta. Ta ina zan fara?

Da wadda ke gabanka. Ka rubuta ninka jadawali biyu masu layi 2,000 a yaren C da zagaye uku na i, j, k, ka auna lokaci. Aikin fulof biliyan 16 ne, don haka raba 16 da daƙiƙoƙin zai ba ka gigafulof. Ka sauya tsarin zagayen zuwa i, k, j, ka sake aunawa. Lissafin bai canja ba ko kaɗan, amma yanzu kana bin lambobi yadda suke kwance a ma'adana, domin C layi-layi a kwance yake ajiye jadawali, Fortran kuma a tsaye. Sannan ka yanka shi tubala masu layi 64. A ƙarshe ka kira DGEMM ta OpenBLAS, ko ka bar NumPy ta yaren Python ta kira maka, ka rubuta lambobin huɗu a takarda ɗaya.

Bayan haka ka saka Open MPI ko MPICH, ka raba aikin ga ƙwayoyi huɗu na furosesarka kamar akwatuna huɗu ne daban. Ranar da aka ba ka asusu a babban inji, abin da zai zama sabo shi ne layin jira, galibi na manhajar Slurm, inda za ka faɗi akwati nawa kake so da awa nawa. Kada ka gudanar da babban aiki a akwatin da ake shiga ta cikinsa, domin kowa a nan yake tsaye, kuma masu kula da injin za su kashe maka shi ba tare da sallama ba.